Babi na Shida: Manhajar da Aka Yanka wa Wa'adi

Ranar 9 ga Janairun 2006 kamfanin Adobe ya yi abin da bai saba yi ba. Ya ɗauki wata manhajar gyaran hotuna da bai gama haɗawa ba, mai suna Lightroom, ya ajiye ta a intanet, ya ce duk mai kwamfutar Mac ya ɗauka kyauta ya gwada, ya faɗi abin da ya gani. Masu Windows sai a watan Yulin shekarar suka samu tasu. Ba alheri kaɗai ya sa kamfanin yin haka ba, domin watanni kaɗan kafin nan Apple ya fito da tasa manhajar mai suna Aperture, kuma Adobe na tsoron kada masu ɗaukar hoto su saba da gidan maƙwabci. Amma kyautar tana da sharaɗi guda: kowace siga an saka mata ranar da za ta daina aiki. Aka yi ta fitar da sigogi, ana gyara, ana sauraron ƙorafi, har tsawon shekara guda. Siga ta ƙarshe ta gwaji wa'adinta ya cika a ƙarshen Fabrairun 2007, kwanaki kaɗan bayan cikakkiyar manhajar ta shiga kasuwa a kan dala 299, da rangwame zuwa 199 ga waɗanda suka yi saurin saye. Adobe ya ce mutane sama da 500,000 ne suka shiga gwajin. Ke nan mutum rabin miliyan sun zuba lokacinsu a cikin abin da suka san ranar mutuwarsa tun daga farko.

Kafin a yi nisa, a bambanta abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Akwai gwajin kwana bakwai ko talatin da kamfani ke bayarwa na manhajar da ta riga ta kammala. Wannan ɗanɗano ne irin na mai kilishi, ya yago maka ɗan yanki don yawunka ya tsinke ka ciro kuɗi, kuma babu abin da yake nema ya koya daga bakinka. Akwai kuma gwajin kayan da bai nuna ba, wanda mai shi da kansa bai tabbatar ko zai kai shi kasuwa ba. A nan mai gwaji ba mai saye ba ne tukuna, abokin aiki ne, ko da ba a rubuta sunansa a takardar albashi ba. Wannan na biyun shi ne zancen babin nan, kuma ra'ayina a kansa shi ne: yanka wa irin wannan manhaja wa'adi daidai ne, har ma ya fi barinta sakaka gaskiya, amma da sharaɗin cewa ranar da wa'adin ya cika manhajar kaɗai za ta mutu, aikin mutum da maganarsa su rayu.

Dalilin da ya sa manhajar zayyana take buƙatar hannun baƙi fiye da sauran manhajoji yana cikin yanayin aikin kansa. Injiniyan da ya rubuta ta yana gwada ta da zane mai tsabta, akwati mai kusurwa huɗu, bango miƙaƙƙe, rami zagayayye. Mai zanen gine-gine na gaskiya kuwa fayil ɗinsa ya bi ta hannu biyar, wani ya auna da mita, wani da inci, akwai layukan da suka hau kan juna, akwai bangon da bai haɗu da ɗan'uwansa ba da tazarar da ido ba ya gani. Ka ɗauki abu mai sauƙi kamar dakushe kaifin kusurwar ƙarfe a zane: a kan akwati kowace manhaja za ta yi shi cikin ƙiftawar ido, amma inda fuskoki uku masu lanƙwasa suka haɗu a wuri ɗaya, sai lissafin ya rikice, manhajar ta ƙi, ko ta fitar da siffa mai huji. Babu ɗakin gwajin da zai iya ƙirƙiro dukkan irin waɗannan kusurwoyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tun a 1986 Eric von Hippel na jami'ar MIT a Amurka ya nuna cewa akwai wani rukunin masu amfani da kaya da ke cin karo da buƙata tun kafin sauran kasuwa ta ji ta, kuma su ne sukan fara lalubo maganinta. Sigar gwaji hanya ce ta kiran waɗannan mutane su zo kafin a zuba kankare, lokacin da sauya wurin ƙofa bai wuce goge layi ba.

To me ya kawo wa'adi a ciki? Amsa ta farko tana teburin wanda ke karanta ƙorafe-ƙorafe. Saƙo ya shigo: manhaja tana rufe kanta idan na juya hoto. Kafin a ce komai, sai an san wace siga ce a hannun mai maganar. Idan sigogi goma sha biyu ne ke yawo a duniya, wataƙila an gyara wannan kuskure tun watanni huɗu da suka wuce, amma injiniya zai ɓata yini guda yana farautar abin da ya riga ya kashe. Wa'adi yana kora kowa zuwa siga ɗaya, sai maganar kowa ta zama a kan abu ɗaya. Shi ya sa tsarin TestFlight na Apple, wanda ke bai wa mai ƙirar manhaja damar raba ta ga masu gwaji har 10,000, yake kashe kowace siga bayan kwana 90. Kamfanin McNeel da ke Siyatil, mai manhajar Rhino da masu zayyana jiragen ruwa da kayan ado da gine-gine ke amfani da ita, ya daɗe yana bin wannan hanya: masu lasisi suna iya ɗaukar sigar da ake kan ginawa, sabuwa na fitowa a kai a kai, tsohuwa kuma tana daina aiki bayan 'yan makonni. Ba rowa ba ce, don wanda tasa ta mutu sabuwa yake ɗauka ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Amsa ta biyu ta fi nauyi a wurina, domin ta shafi lafiyar mai gwajin ne. Ɗan Adam yana sabawa da abu da wuri. Ranar farko yana tuna cewa wannan kayan gwaji ne, bayan wata uku ya manta, ya fara zana aikin mai gida a ciki, ya ɗora jadawalin ofis a kansa. A wasan kwamfuta wannan ba komai ba ne. A manhajar da ke lissafa ko ginshiƙi zai ɗauki nauyin bene, ko yadda iska za ta bugi rufi, kuskuren da ba a gano ba yana iya fita daga allo ya shiga siminti. Ranar da ke rubuce a kusurwar allo tunatarwa ce kullum cewa wannan rumfa ce, ba gida ba. Microsoft ya kai wannan tunatarwa maƙura a 2009: sigar gwajin Windows 7 da aka fitar a Janairu ta fara kashe kwamfuta duk bayan awa biyu daga 1 ga Yuli, wata guda kafin wa'adinta ya cika ranar 1 ga Agusta. Abin ya yi tsauri, amma ba wanda zai ce an yi masa ba-zata. A ɗaya gefen kuma ga Gmail, wanda ya ɗauki tambarin gwaji daga Afrilun 2004 har Yulin 2009, miliyoyin mutane na tafiyar da kasuwancinsu a kansa. A cikin shekara biyar ɗin nan kalmar gwaji ta rasa ma'ana, ba ta gargaɗin kowa, amma tana nan a matsayin mafakar kamfani idan wani abu ya lalace. Gwajin da ba shi da ƙarshe mai amfani yake cuta, don shi ke ɗauke da hatsarin ba tare da ya sani ba.

Wa'adin yana tilasta wa shi kansa kamfanin ya yanke hukunci, kuma babu inda aka fi ganin wannan kamar sashen gwaje-gwaje na Autodesk, masu AutoCAD, wanda suka kira Autodesk Labs. Can suka riƙa ajiye fasahohin da ba su zama haja ba, kowace da ranar ƙarewarta, kuma idan ranar ta zo abu uku ne: a ƙara wa'adi, a mayar da ita haja, ko a rufe. Inventor Fusion ya fito a matsayin gwaji a 2009, yana neman hanyar da mai zane zai kama fuskar abu ya ja ta kai tsaye ba tare da ya koma ta jerin matakan da aka bi wajen gina shi ba, kuma daga wannan tushe Fusion 360 ya fito a 2013. Project Butterfly, wanda ya sa a iya buɗe zanen AutoCAD a shafin intanet, ya zama AutoCAD WS a 2010. Project Photofly kuwa abin mamaki ne a zamaninsa: ka zagaya tulu ko mutum-mutumi kana ɗaukar hotuna daga kowane ɓangare, kowane hoto ya ɗan hau kan na bayansa, ka tura su ga kwamfutocin kamfanin, su gano ɗigon da ya maimaitu a hotuna daban-daban, su lissafa inda kyamara take a kowane lokaci, su dawo maka da siffar tulun mai tsawo da faɗi da kauri wadda za ka juya a allo. Ya zama 123D Catch a 2011. Shi kuma Project Vasari, wanda aka sa wa sunan wani mai zane ɗan Italiya na ƙarni na 16, ya bai wa masu zanen gine-gine damar ganin yadda rana da iska za su yi da gini tun yana dunƙule, ya rayu daga 2010 zuwa 2015, sannan aka rufe shi. Mutane da dama sun ji zafin rufewar. Amma an faɗa musu, an ba su rana, ba a bar shi yana ruɓewa a hankali ba ana yi musu shiru.

Ga babban ƙorafin da ake yi, kuma ba na raina shi. Masu shi suna cewa wannan duk ado ne a kan aikin banza: kamfani mai biliyoyin daloli ya mayar da jama'a zakarun gwajin dafi, su nemo masa kura-kurai kyauta, su saba da kayansa har hannunsu ya ƙi wani, sannan ranar wa'adi ya rufe ƙofa ya miƙo takardar kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Mutanen Lightroom rabin miliyan sun yi aikin da, da ma'aikata aka ɗauka, kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma da yawansu sun sayi manhajar ne don hotunansu na shekara guda suna jere a cikinta. Sai dai wanda ya shiga gwajin bai fita hannu rabbana ba. Ya yi aiki da kayan shekara guda bai biya ba, ya riga abokan sana'arsa ƙwarewa, kuma ya sa hannu a siffar abin da zai yi shekaru yana amfani da shi. A sigogin gwajin Lightroom, manhajar tana jera hotuna ne bisa wani tsari nata na kanta. Masu ɗaukar hoto suka matsa cewa suna son ganin manyan fayilolinsu kamar yadda suke a kwamfuta, kuma haka cikakkiyar sigar ta fito. Wannan ciniki ne, kuma ciniki ba ya zama zalunci don kowane ɓangare ya ci riba. Yana zama zalunci ne idan ɗaya ya riƙe kayan ɗaya a matsayin garkuwa.

Nan ne sharaɗin da na ambata ya shigo. Awa ɗari da mutum ya yi yana zana gida ba mallakin kamfani ba ne, kuma wa'adin manhaja bai kamata ya hau kansu ba. Lightroom ya tsira daga wannan zargi ta yadda aka gina shi, domin ba ya taɓa ainihin hoton, gyare-gyaren yake rubutawa a gefe, don haka ko manhajar ta mutu hoton yana nan inda aka ajiye shi. Vasari an gina shi ne a kan wata manhaja mai suna Revit, fayilolinsa kuma irin na Revit ne, sai ya zama wanda ya yi aiki a cikinsa yana da inda zai kai kayansa, ko da yake gida mai tsada ne. McNeel ya fi su duka nisa, don ya buɗe sirrin fayil ɗin Rhino ta kayan aikin da ya kira openNURBS, kowane mai rubuta manhaja na iya karanta shi kyauta. Akwai kuma nau'o'in fayil na kowa da kowa, STEP ga kayan inji, IFC ga gine-gine, OBJ da STL ga siffofi, waɗanda duk sigar gwaji ta kirki ya kamata ta iya fitar da aiki a cikinsu tun ranar farko. Matsalar ta fi tsanani yau da lissafin yake gudana a kwamfutocin kamfani maimakon ta mai aiki. Da Autodesk ya rufe jerin manhajojin 123D a 2017, hidimar da ke mayar da hotuna siffa ta tafi tare da su, wanda kuma bai sauke aikinsa a kan lokaci ba ba shi da wata tsohuwar siga a aljihu da zai koma gare ta. Kamfanin da zai rufe irin wannan hidima bashi ne a kansa ya yi shela da wuri, ya maimaita, ya bar ƙofar kwashe kaya a buɗe har bayan an kashe fitila.

Wasu za su nuna Blender su ce ga hujjar cewa wa'adi ba dole ba ne. Manhajar da Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya fara, wadda jama'a suka tara Yuro 100,000 a 2002 suka 'yanta ta, tana fitar da sigar gwaji kullum, kuma babu wadda ke mutuwa. Haka ne. Amma mai kai rahoton kuskure ga Blender ana tambayarsa lambar sigarsa, ana kuma neman ya sake gwadawa da ta baya-bayan nan kafin a saurare shi. Aikin da wa'adi ke yi da makulli, su suna yinsa da ladabin jama'arsu, kuma suna iya haka ne don babu sigar kuɗi da tsohuwar gwaji za ta yi wa kishiya. Hanyarsu ta fi kyau inda za ta yiwu. Ba ta rushe dalilin ba, ta tabbatar da shi ne.

Saura rabin bashin, wato sauraro, kuma a nan ne kamfanoni suka fi faɗuwa. Tara ra'ayi abu ne mai sauƙi. A gwajin Windows 7 an maƙala wurin aika ra'ayi a saman kowace taga, kuma Microsoft ya ce akwai makon da saƙo ke shigowa duk daƙiƙa 15. Wuyar ita ce sanin wane ne ke magana da wane ne ya yi shiru. Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke mu'amala da kwamfuta, ya bayyana a 2006 cewa a yawancin tarukan intanet kashi 90 cikin ɗari kallo kawai suke yi, kashi 9 kan tofa jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin mafi yawan maganar. Wannan ɗaya bisa ɗarin ƙwararru ne, masu lokaci, masu kwamfuta mai ƙarfi, masu son ƙarin madannai. Wanda ya buɗe manhajar ya rasa ta inda zai fara, ya rufe ya tafi, ba ya rubuta komai, alhali tafiyarsa ita ce ra'ayi mafi tsada. Ƙirga ƙuri'u ma ba ya wadatarwa. A Oktoban 2018 wata sabuntawar Windows 10 ta goge fayilolin wasu mutane, aka janye ta cikin kwanaki, ba a sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba. Daga baya ta bayyana cewa masu gwaji sun kai rahoton wannan matsala tun kafin a saki sabuntawar, amma da yake kaɗan ne abin ya shafa, rahotanninsu ba su tara goyon baya ba, suka nutse a ƙarƙashin buƙatun da suka fi farin jini. Sai bayan ɓarna kamfanin ya ƙara wurin da mai rahoto zai nuna girman illar. Mutum goma da suka rasa aikinsu sun fi dubu goma da ke son a sauya launi, kuma na'urar ƙirga ba ta san haka ba sai an gaya mata.

Akwai masu ganin maganin shi ne a daina tambayar mutane, a bar manhajar ta riƙa aiko da bayanin abin da suke dannawa. Wannan bayani yana da amfani ƙwarai wajen gano inda manhaja ke faɗuwa, muddin an nemi izini a fili, musamman da yake zanen injiniya sirrin wani ne. Amma yana faɗin abin da aka yi ne, ba ya faɗin dalili. Microsoft ya kafa hujja da irin wannan ƙididdiga, cewa amfani da madannin farawa yana raguwa, ya cire shi daga Windows 8 a 2012. Kukan da ya biyo baya ya sa aka dawo da madannin a 2013, cikakken jerinsa kuma a Windows 10 a 2015. Abin da mutum ba ya taɓawa kullum ba lalle ne ya zama ba ya buƙatarsa ba, kamar tayar da ke bayan mota. Nielsen ɗin dai, a 2000, ya nuna cewa zama kusa da mutum biyar kana kallon hannunsu yana tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja. Kallo, tambaya da ƙididdiga, kowanne yana ganin abin da ɗayan ya makance a kai. Kuma bayan an ji, sai a mayar da amsa: ga abin da kuka ce, ga wanda muka gyara, ga wanda muka ƙi da dalilinmu. Mai gwajin da aka ce masa a'a da hujja yakan dawo gwaji na gaba, wanda aka yi wa shiru ne ba ya dawowa.

Tsawon wa'adin ma yana zaɓen wanda za a ji. Kwana talatin sun ishi ɗalibi mai hutu, amma ofishin zanen gine-gine ba ya sanin halin manhaja sai ya bi aiki ɗaya da ita daga zanen farko zuwa takardun gini, kuma wannan watanni ne. Gajeren wa'adi ra'ayin ganin farko yake tarawa. Haka kuma sigar da sai ta leƙa intanet kafin ta buɗe, mai nauyin gigabait da yawa, wadda ba ta karɓar rahoto sai da Turanci, ta riga ta tace masu gwajinta tun kafin su fara. Mai zane a Kano ko Damagaram da ke lissafin data da wutar lantarki, kwana talatin ɗinsa ba su kai na takwaransa a Jamus ba. Shi ne kuma ya san abin da babu wanda zai faɗa wa kamfanin: yadda manhajar ke yi idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiya, ko tana da kayan gini irin bulon ƙasa a jerinta, ko tana rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai a kan takardar zane ko akwatuna take fitarwa.

Don haka, mai karatu, idan irin wannan siga ta zo hannunka, duba ranar ƙarewarta kafin ka girka ta, ka rubuta ranar inda za ka gani. A yinin farko zana ƙaramin abu, ka fitar da shi a STEP ko IFC ko OBJ, ka buɗe shi a wata manhajar ka tabbatar ya fito lafiya; idan babu hanyar fita, kada ka sa aikin kowa a ciki. Idan kuma ta yi maka ba daidai ba, kada ka rufe ka tafi. Rubuta lambar sigar, irin kwamfutarka, da matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya har abin ya faru, ka haɗa da hoton allo, ka faɗi abin da ka yi asara, ka aika tun wa'adin bai cika ba.